Ƙarfi da Motsi a Fagen Wasanni: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe bayan an kawar da amfanin gona ya san cewa ba kullum ne mai ƙirar samudawa ke kai abokin karawarsa ƙasa ba. Jama'a kan ce asiri ne. Mu dai da muka shafe shekaru riƙe da alli muna ganin akwai wani bayanin, wanda ya kamata 'ya'yanmu su sani.

Naushi daga ƙasa yake farawa. Idan ɗan dambe ya dunguri ƙasa da ƙafarsa ta baya, ƙasar takan mayar masa da turi daidai gwargwadon wanda ya yi mata. Wannan ita ce ta uku cikin ƙa'idojin motsi da masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya wallafa a shekarar 1687. Turin nan sai ya bi cinya, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo baya, hannun da aka ɗaure ya zo daga ƙarshe, kamar bakin bulala. Wanda ya kai bugu da damtse kawai ya bar galibin ƙarfinsa a baya. Sa'an nan sauri ya fi nauyi tasiri: in aka ninka nauyin abu, kuzarin motsinsa yakan ninku sau biyu, amma in aka ninka saurinsa, sau huɗu yake ninkuwa. Ga asirin siririn yaron da ke kayar da ƙato.

A kokawa kuwa maganar daidaito ce. Nauyin mutum a tsaye yana taruwa ne a wani wuri ƙasa da cibiya kaɗan, kuma muddin wurin nan yana bisa tsakanin ƙafafunsa ba zai faɗi ba. Shi ya sa gwani ke ware ƙafa ya rusuna, yana neman ya ɗaga ɗan'uwansa ko ya fizgo shi har nauyinsa ya wuce inda ya taka. 'Yan langa, da ke kan ƙafa ɗaya, turi kaɗan ya ishe su.

Inda muka fi son a ba mu aron kunne shi ne wajen dira. Jikin da ke cikin motsi dole a tsayar da shi, kuma iya gajartar lokacin tsayawar iya tsananin abin da gwiwa da idon sawu za su ɗauka. Lanƙwasa gwiwa yana tsawaita wannan lokaci, haka ma yashi. Lokacin da Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 ta ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta a shekarar 1996, a cikin ramin yashi mai laushi ta dira. Yaranmu fa? Da rani filayen makarantu da yawa sukan ƙeƙashe kamar daɓe, a kansu ake tsalle, a kansu ake faɗuwa, sau da yawa ba takalmi. Daga nan sai targaɗe da gocewar ƙashi, sai gidan mai ɗori, uba kuma ya rantse ɗansa ya bar wasa ke nan.

Saboda haka roƙonmu ga ƙungiya bai taka kara ya karya ba. Kowane reshe ya ɗauki makarantun firamare biyu ko uku a Dutsin-Ma da Kurfi, a haƙa ramin tsalle, a zuba tifar yashi, a riƙa tone shi duk zangon karatu don kada ya taurare. A kuma nemi haɗin kan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su taimaka da wanda zai yi wa malaman wasanni bita ta kwana ɗaya a kan tsayuwa da dira. Muna fata kwamitin ilimi zai kawo ƙiyasin kuɗin kafin a tashi daga wannan zama.