Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu: lafiyarmu na cikin iskar da muke shaƙa

 

Magana ta a yau a kan iska take, wadda mai kuɗi da talaka duk suke shaƙa ba tare da sun zaɓa ba. Kowace shekara, idan hunturu ya kama, iska kan ɗebo ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Damagaram, Maraɗi, Tawa har Yamai. Ƙurar nan da bushewar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cuta ta samu ƙofar shiga jini. Shi ya sa sanƙarau ke tashi da rani, ya kwanta da saukar ruwan farko. A 1996 da 1997 ya kashe mutane wajen 25.000 a Afirka. Allurar MenAfriVac da aka soma a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya kama mutane fiye da 8.000 a ƙasarmu.

Canjin yanayi yana ƙara wa wannan kaya nauyi. Dattawanmu sun tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da ƙasa ta tuɓe, ƙura ta yawaita. Yanzu ga zafi: a watan Afirilu na 2024 ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. Irin wannan zafi tsofaffi, jarirai da masu ciwon zuciya yake fara kayarwa.

Akwai kuma hayaƙin da muke haddasawa da hannunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutane miliyan 3,2 a 2020. A wajenmu, mata ne ke tsugune gaban murhu, da goyo a baya. Itacen da ke cika musu ƙirji da hayaƙi, shi ne wanda aka sare daga dajin da ke tare mana ƙura. Asara biyu ke nan.

Ba mu da ikon tsayar da hunturu, amma sauran yana hannunmu. Manoman Maraɗi da Damagaram sun rayar da gawo da sauran itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar barin toho a gonaki. Matatar SORAZ tana fitar da gaz tun 2011. Me ya hana tukunyar gaz ta kai ƙauye da farashin da talaka zai iya?

Ƴan kasuwa, ku kai gaz da murhu mai tsimin itace kasuwannin ƙauye, kada ku ɓoye su ranar ƙaranci. Ma'aikata, ku tabbata allura ta isa likitocin karkara tun kafin hunturu, domin rigakafi ya fi magani. Mahukunta kuwa, mu tambaye su abin da kasafin kuɗi ya tanadar wa wannan aiki.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.