JAWABIN KWAMITI A TARON BAYAN KAKA: Ƴan damben da anka raina, da zancen asusunmu



Mai girma maigari, liman da malamanmu, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da sunka taso daga Legas, Abijan, Kano da Yamai, har da na Libiya da sunka aiko wakilai: barkanku da zuwa, barkanmu da kaka. Allah ya sa albarka ga abin da munka zuba a rumbu.

Magana guda ta tayar da mu. An kawo wa kwamiti shawara a kan asusun taimako, cewa daga bana duk yaron da ya faɗi jarrabawa sau ɗaya a cire sunansa, kuma duk wanda anka ba kuɗin mota ya tafi ci-rani ya dawo hannu wofi, kada a sake ba shi. Waɗanda sunka kawo shawarar mutanen kirki ne, suna cikin masu biyan kuɗin wata ba fashi, kuma gaskiyarsu ce asusun ba ya da ƙiba. Mun zauna a kanta, ba mu yarda da ita yadda take ba. Za mu faɗi dalilinmu ta hanyar dambe, don babu wanda bai san shi ba a wurin nan. Malamai su yi mana haƙuri, ba kiran yara muke su ɗaura zare ba, misali ne kurum.

Kun san damben gida. In an gama girbi rundawa su fito da kalangu, a ja da'ira, kowa ya naɗe hannu guda, ɗayan ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi. Da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, shi ke nan, sai a ce an kashe shi. Dattawan da ke nan sun sha jin Ɗan Anace a rediyo yana wasa Shago da Ɗandunawa, wasu ma sun ƙetare zuwa ƙasar Sakkwato don kallo. To, damben Turawa ba haka dokarsa take ba. Can in mutum ya faɗi, alƙali ƙirga masa yake har goma, in ya miƙe kafin nan a ci gaba. Ko a namu na gida, wanda anka kashe yau ba a hana shi fili ran kasuwa mai zuwa. Shawarar da anka kawo mana ta fi dokar damben duka biyu tsanani.

Bari mu fara da wani ɗan ci-rani irinmu. Sunansa Richard Ihetu, duniya ta san shi da Dick Tiger, Inyamuri ne, an haife shi a 1929. Kafin dambe kwalabe yake tsinta yana sayarwa a kasuwar Aba. Gajere ne, tsawonsa bai wuce mita 1 da santimita 73 ba, kuma bai samu wani babban malami a gida ba. A 1955 ya tafi Ingila, ya sauka a Libaful. Wanda ya taɓa sauka baƙon gari da ƴar jakarsa, ga sanyi, ga abincin da bai saba ba, ga harshen da bai gama kamawa ba, ya san abin da muke nufi. Karawarsa huɗu na farko a ƙasar, duka huɗun an cinye shi.

Mu tsaya nan kaɗan. Da a ce asusunmu ne ya biya masa jirgi, kuma da wagga doka tana aiki, da tun faɗuwa ta farko mun soke sunansa. A ta huɗu kuwa da har tsofaffin gidansu sun fara jin habaici a bakin rijiya.

Bai dawo gida ba. A 1957 anka haɗa shi da wani saurayi Bature mai suna Terry Downes, wanda ake tallarsa a Landan a matsayin zakaran gobe. An ɗauko Tiger ne don a ƙara wa yaron suna, an ɗauka nama ne mai taushi. Sai ga shi dole anka tsayar da wasan don dukan da Downes ya sha. A 1958 ya ci kambin ƙasashen renon Ingila. A 1962, yana da shekara 33, lokacin da ake cewa ɗan dambe ya fara gangara, ya doke Gene Fullmer a Amurka ya zama zakaran duniya na ajin kilo 72 da rabi. A watan Agusta na 1963 sunka sake gamuwa a filin Liberty na Ibadan, a gaban mutanensa, ya sake doke shi. Daga nan kambin ya kuɓuce masa, ya ƙwato shi a 1965, ya sake kuɓucewa a 1966. Kowa ya ce ai yanzu kam ya ƙare. Maimakon ya ajiye, sai ya hau ajin da ke sama, na kilo 79, inda kowa ya fi shi tsawo da nauyi, kuma a watan Disamba na wannan shekara ya karɓe kambin duniya daga hannun José Torres. Shekarunsa 37 a lokacin. Gajere ba yaro ba ne.

Ba mu ɓoye muku ƙarshensa. Yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, ya cinye mafi yawan abin da ya tara. Har gadi ya yi a wani gidan kayan tarihi a New York. Ciwon hanta ya kama shi, ya dawo gida ya rasu a Disamba 1971 yana da shekara 42. Samarin da ke can baya su ji wanga da kyau: dambe ba sana'ar da uba zai zaɓa wa ɗansa ba ce, tana cin ido, tana cin ƙwaƙwalwa, kuɗinta kuma ba ya zama. Abin da muke so a ɗauka a labarin shi ne faɗuwa huɗu na farko, da abin da ya biyo bayansu.

Akwai kuma mai naƙasa a jiki. Waɗanda sunka kwana da rediyo a kunne a zamanin Muhammadu Ali sun san Joe Frazier. Ɗan talakan manomi ne, kuma tun yana yaro ya faɗi a kan hannunsa na hagu, hannun bai ƙara miƙewa sosai ba. Idonsa na hagu ma kusan ba ya gani da shi, sai bayan ya bar wasa anka sani. Rundawanmu su ji daɗi, shi ma a mahauta ya yi aiki kafin ya yi suna. Ran 8 ga Maris 1971, da wanga hannu mai lanƙwasa ya kai Ali ƙasa a turmi na 15, ya ci wasan, alhali kafin ranar babu wanda ya taɓa doke Ali a damben kuɗi. Shi kuwa George Foreman, da Ali ya kayar a Kinshasa a 1974, sai bayan shekara 20, yana ɗan shekara 45, ya sake zama zakaran duniya. Wanga na dattawa ne, kada a ce mun manta da ku.

Yanzu mu dawo gida Nijar, don kada a ce sai a ƙasar wasu ake irin haka. Issaka Dabore, mutumin ƙasar Walam, haihuwar 1940. Shi bai yi damben kuɗi ba, tutar ƙasa ya ɗauka. A 1964, Nijar tana da shekara 4 kacal da samun mulkin kai, ya tafi wasannin Olamfik na Tokiyo, shi kaɗai ne ɗan wasan da ƙasar ta aika. Ya yi ƙoƙari, amma ya dawo ba lamba. A 1968 anka sake aika shi Meziko, ya sake dawowa ba komi. Ku duba halin ƙasar a lokacin: kuɗi babu, kayan horo babu, ga fari ya fara kunno kai. Abokan karawarsa kuwa daga ƙasashen da ke da likitoci da malamai da gidajen horo suke fitowa. Da wani ya miƙe a ofis ya ce wanga mutum ya ci kuɗin jirgi sau biyu, ya isa, babu mai ganin laifinsa.

Amma an aika shi karo na uku. A Munik ta Jamus, 1972, yana da shekara 32, a ajin kilo 63 da rabi, ya bi ta kan abokan karawarsa har zuwa wasan kusa da na ƙarshe, inda Angel Angelov na Bulgariya ya tsayar da shi. Ya dawo da lambar tagulla. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin Nijar, kuma ita kaɗai ce har tsawon shekara 44, sai a 2016 da Abdul Razak Alfaga ya ciwo ta azurfa a wasan takwando a Rio. Issaka ya rasu a ƙarshen 2021, Allah ya jiƙansa. Mu a ganinmu, bayan shi kansa, wanda ya cancanci yabo shi ne wanda ya sa hannu a takardar tafiya ta uku.

Za a ce mana, kuma an riga an faɗa a zaman kwamiti, cewa a bayan kowane Issaka akwai mutum ɗari da sunka faɗi sunka ci gaba da faɗuwa. Haka ne. Ba kowane yaro da ya faɗi BEPC zai ci a karo na biyu ba, kuma mun san akwai masu karɓar kuɗin mota su tsaya a Ƙonni su cinye a tasha. Sai dai dukan mutanen da munka ambata suna da abu guda da ake iya gani da ido tun kafin nasara: washegarin faɗuwa suna komawa wurin horo. Wanga ba sai an yi duba ba. Yaron da ya faɗi jarrabawa, mushensa na lakwal ya san ko yana zuwa aji ko ba ya zuwa. Wanda ya dawo daga Abijan ba ko sisi, ƴan'uwanmu na can sun san ko ciwo ne ya kwantar da shi, ko kaya anka ƙwace masa a hanya, ko kuwa caca ce. Mu da muke zaune a can muna gani. Kunya ce take hana mu faɗi, sai mu so a kafa doka ta yanke kowa don kada mu yi shaida a kan ɗan wane.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin ciwo. Samari nawa ne namu sunka daɗe a waje ba su zuwa ko sallah, ba don sun manta da gida ba, sai don ba su da abin da za su nuna? Uwayensu mata suna nan suna jinmu. In munka rubuta a takarda cewa wanda ya dawo hannu wofi ba shi da sauran rabo a wurinmu, mun ƙara musu dalilin zama can.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya kawo a madadin waccan shawara. Wanda ya faɗi sau ɗaya ba za a soke sunansa ba. Zai zo da mutum biyu da za su tsaya masa: in ɗan lakwal ne, malaminsa da wani dattijo na unguwarsu, in ɗan ci-rani ne, biyu daga cikin ƴan ƙungiya na garin da ya zauna. Su faɗi abin da sunka gani a gaban kwamiti. Taimako na biyu ga ɗan ci-rani bashi ne, ba kyauta ba, kuma ba dole sai na mota ba. In ya zaɓi ya zauna ya kama noman albasa a wajen Galmi, ko aikin rani a fadamar Ƙonni, ko ɗan ciniki tsakanin Badagishiri da Illela, ko neman aiki a Malbaza, a ba shi a kan haka, ya biya bayan an ɗebe amfani. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga asusu shi za a keɓe don wanga aiki, sauran ya tsaya ga marasa lafiya da gyaran rijiya yadda anka saba. Karo na uku kuwa ba kwamiti zai yanke ba, sai an kawo gaban babban taro irin na yau.

Bayan sallar la'asar ma'aji zai karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bana, sannan a ɗaga hannu a kan shawarwarin biyu. Wakilan Legas da Abijan su ba magatakarda sunayen waɗanda sunka aiko su kafin lokacin. Wanda ke da gyara ga abin da munka faɗa, fili nasa ne yanzu, dattawa su fara.