Rabin Darasi Yana Cikin Suna



Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar kimiyya a cikinmu ya san wannan ciwo: ɗalibi ya rubuto furoton da niyutiron da ilektiron daidai, amma da an tambaye shi bambancinsu sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun ba shi sunaye ya haddace kamar lambobin mota, ba mu gaya masa cewa kowannensu yana ɗauke da ma'ana ba. Alhali wanda ya san asalin waɗannan sunaye ya riga ya sami rabin darasin.

Mu fara da uwar kalmomin. Atom daga Girkanci ta fito, "atomos", wato abin da ba ya yankuwa. Masanin falsafa Demokritus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa idan aka yi ta gutsura abu, za a kai ga ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa. John Dalton na Ingila ya farfaɗo da wannan ra'ayi a littafinsa na 1808. Sai ga shi a 1897 J. J. Thomson ya gano cewa akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta a cikinta. Sunan ya zama kuskure, amma ya riga ya bi baki, aka bar shi. Kalmarmu ta Hausa, ƙwayar zarra, ta fi shi sa'a. Daga Larabci muka aro zarra, inda take nufin 'yar mitsitsiyar tururuwa ko ƙurar nan da ke shawagi a hasken rana idan ya ratso ɗaki. Ƙanƙanta kawai ta ambata, ba ta yi alkawarin rashin rabuwa ba.

Abin da Thomson ya gano shi ne ilektiron, sunan da George Stoney ya ƙirƙira tun 1891. Asalinsa kalmar Girkawa ce ta wani ƙaron itace da ya daskare ya yi tauri kamar dutse. Sun lura cewa idan aka goga shi yakan jawo tsinkaye da gashin tsuntsu. Daga wannan tushe ne kalmar Turanci ta fito wadda muka mayar lantarki. Ashe yaron da ke goga biro a gashin kansa don ya ɗauki gutsattsarin takarda yana maimaita abin da ya haifi sunan ne.

A 1911, a Manchester, Ernest Rutherford ya bayyana cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule a wani ɗan wuri a tsakiyarta. Aka kira wurin da kalmar Latin "nucleus", ma'anarta ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar gyaɗa a cikin kwansonta. Sai dai wannan gyaɗar ta sha bamban da tamu, domin da a ce ƙwayar zarra ta kai girman filin wasan ƙwallo, da cibiyar tata ba ta wuce ƙwayar wake a tsakiyar filin ba. Daga nan kalmar nukiliya ta samo asali. 'Ya'yanmu suna jin ta a rediyo tare da makaman ƙare-dangi, har suna zaton ma'anarta bam. Haƙƙinmu ne mu sanar da su cewa cibiya take nufi, kuma babu wani abu a jikinsu ko a abincinsu da ba shi da ita.

Mazauna cibiyar nan biyu ne. Furoton daga "protos" ta Girkanci, wato na farko, sunan da Rutherford ya raɗa a 1920 wa cibiyar haidurojin, wanda shi ne sinadari na farko a jadawali. Niyutiron kuwa, wanda James Chadwick ya gano a 1932, daga Latin yake, ma'anarsa ba wannan ba kuma ba wancan ba. Ɗan ba-ruwanmu ke nan, ba ya ɗauke da cajin lantarki ko wane iri. Ɗalibin da ya ji haka sau ɗaya da wuya ya sake rikita su.

Akwai kuma aisotof, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wuri ɗaya. Frederick Soddy ne ya shigar da ita kimiyya a 1913, bisa shawarar wata likita mai suna Margaret Todd. Ana nufin ƙwayoyin da furotonsu ɗaya, don haka gurbinsu ɗaya a jadawali, amma yawan niyutironsu ya bambanta. Misali na kusa shi ne yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971. Kowace ƙwayarsa furoton 92 gare ta, amma akwai mai lamba 238 da mai lamba 235, kuma na biyun, wanda tashoshin lantarki ke buƙata, bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

'Yan'uwa, roƙonmu ƙarami ne. Kafin mu rubuta sabuwar kalma a allo, mu ba ta minti biyar, mu faɗi inda ta fito da abin da take nufi, da harshen da yaro yake ji. Kwanson gyaɗa da biro da 'yar takarda sun isa kayan aiki, ko a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji. Mu kuma gaya wa ɗalibai labarin atom ba tare da ɓoye komai ba: manyan masana sun raɗa suna, gwaji ya nuna sun yi kuskure, suka karɓi gyara. Yaron da ya san haka ba zai ji kunyar ɗaga hannu ya yi tambaya ba. Iyayen da ke cikinmu ma, idan yara sun dawo gida, a tambaye su ma'anar kalma ɗaya da suka koya.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya albarkaci ɗalibanmu.