Ɗan Ƙarfen Da Ke Buɗe Bawul

Yau zancenmu na mota ne, gama da yawa cikinku suna da ɗa ko ƙane direba.

A cikin inji akwai ƙananan ƙofofi, sunansu bawul. Ta nan iska ke shiga, hayaƙi ke fita. Akwai ɗan ƙarfe kamar babban yatsa mai tura bawul ya buɗe. Makanikai suna ce da shi tafet. Inji mai bawul 8, tafet 8 gare shi. Wani irin tafet baƙin mai ke cika cikinsa, shi ke hana shi sako-sako. In man ya ragu ko ya yi datti, sai ka ji inji yana ƙas-ƙas-ƙas.

In ka ji haka, fara duba mai. In an sake mai, ƙarar ba ta daina ba, a kai wa makanike. In ya ce a sayo sabon tafet, kada ka saya da ido kaɗai. Biyu su kan yi kama, alhali tsawonsu ba ɗaya ba. Karanta lambar injin, ka tabbata kayan nasa ne. Araha ba ta ado. Na jabu ya kan cinye kamshaf, watau sandar da ke tura shi, ita kuwa ta fi shi tsada nesa.

Wajen sawa, a wanke raminsa, a shafe shi da mai sosai. A duba sandar nan. In ta ci, a sake ta tare. Sa'an nan a zuba sabon mai, a sa sabuwar matatar mai.

Ku gaya wa direbobinku. Allah ya kiyaye hanya.