Kalmar "Evocative" Ba Tunatarwa Ba Ce

 

Shekara da shekaru ke nan ina jayayya da wasu abokan aikina, har da waɗanda nake hangowa a layin gaba na wannan taro, a kan kalmar Ingilishi "evocative". Kusan duk inda ta faɗo hannun mai fassara, a rediyo ko a jarida, sai ka ji an ce "mai tunatarwa". Ni dai na ce ba haka ba ne. Tunatarwa aikin mai wa'azi ce, ko takardar da ake aiko maka cewa kuɗin haya ya ƙare. Bature ba ya kiran irin wannan takarda da wannan kalma. Da ita yake siffanta ƙamshi, ko waƙa, ko tsohon hoto, abin da ke fizgo shuɗaɗɗen zamani ya dire maka shi a gaba ba tare da ka nema ba. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, misali. Ga ka tsaye a tashar mota da furfurarka, sai kawai ka tsinci kanka a zauren kakanka, kana ɗan shekara bakwai, ana zaɓar irin shuka.

Tushen kalmar shi ne hujjata. Daga Latin ta fito, "evocare", wato kirawo abu ya fito waje. Rumawa suna da wata al'ada ta yaƙi mai suna daga wannan tushe: idan sun yi wa birni ƙawanya, sai su kira abin bautar da ke tsaron birnin, su yi masa alkawarin ɗakin bauta mafi kyau in ya baro mutanensa. Masanin tarihinsu Livy ya ba da labarin yadda jagoran yaƙinsu Camillus ya yi wa gunkiyar Juno haka a birnin Veii, a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ɗauke ta zuwa Rum. Kun ga kira ne a nan, kiran abin da ke kwance ya taso.

To, wa zai koya wa Bahaushe wannan? Ku je inda ake kiɗan tauri. Mutum na zaune lafiya lau yana cin goro, makaɗi ya canja hannu zuwa takensa, sai jiki ya ɗau ɓari, ya miƙe ya zaro wuƙa. Mun ce kiɗa ya tsuma shi. Haka mai garaya ke kiran kowane iska da nasa kiɗan a wajen bori. Ko a hira ma, tsoho na jin Shata a rediyo sai ya girgiza kai ya ce an tayar masa da tsohon tsumi.

An ce mini a yi amfani da "bege" ko "kewa". Waɗannan a zuciyar mutum suke, alhali muna neman sunan abin da ya taso da su. Masu cewa tsuma na warin maguzanci kuwa, sai su fara kai ƙarar Rumawa.

Don haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da gidajen rediyo: a rubuta "mai tsumawa" ko "mai tayar da tsumi", a bar wa liman tunatarwarsa. Ɗaliban fassara kuma a daina sallamar su ba su taɓa buɗe ƙamus mai bayanin asalin kalmomi ba. A ajina dai, wanda ya sake rubuta mini "mai tunatarwa" ya san makin da zai samu.