Gardamar Sabon Filin Ƙwallo a Fort Collins

Ga wani al'amari daga Amurka. A da Jami'ar Jihar Kolorado tana da wani filin ƙwallo da aka buɗe a 1968, irin ƙwallon nan tasu ta runguma, amma a bayan gari yake. Shugabanni suka ce a gina sabo cikin harabar makaranta, don tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni su riƙa shigowa. Maƙwabta suka ƙi, saboda cunkoson motoci. Waɗansu kuwa bashi suka ji tsoro, gama kuɗin, wajen dala miliyan 220, rance ne. A ganina sun fi hujja. Hakimin da ya taɓa ta da kasuwa ya san irin wannan gardama. Aka buɗe filin a 2017, aka rushe tsohon a 2018.