Amsoshin Wasiƙunku: Jakar Da Ta Dace Da Naman Farauta

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kumurya, cikin ƙaramar hukumar Bunkure. Ya roƙi kada a ambaci sunansa, to mun ji, ba za mu ambata ba.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce shi manomin rani ne, amma farauta gado ce a gidansu. Da suka gama yankan alkama sai suka fita da karnukansu, tafiyar kwana biyar. Kafin tafiyar ya sayi jakar goyo ta gwanjo, mai zif da aljihuna barkatai, irin wadda ruwa ba ya ratsawa. Allah ya ba shi gada ɗaya da zomaye huɗu. Ya feɗe, ya ƙulle a leda, ya jefa cikin jakar ya ja zif. Ran kwana na uku nama ya yi yauƙi, ya soma wari. Mai abincin da ta saba saye a hannunsa ta ƙi karɓa. Ya ji zafin asara, ya kai gida aka dafa da yaji mai yawa, yaransa biyu suka kwana suna amai da gudawa. Ga kuma kafaɗa da ta yi mako tana ciwo. Tambayarsa ita ce, ya koma ga burgamin mahaifinsa ne, ko kuwa ya tara kuɗi ya sayi jakar da ta fi wannan tsada?

To Malam, da farko Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: naman da ya riga ya ruɓe, yaji ba ya gyara shi, wari kawai yake ɓoyewa. Wasu ƙwayoyin cutar suna barin dafi a cikin nama, kuma dafin nan ko an tafasa ba ya mutuwa. Ran da mai saye ta ƙi, ran nan ya kamata a haƙa rami a binne.

Batun jaka kuwa, amsar tana gonarka. Kai da kake kai tumatir Kwanar Gafan, ka taɓa ganin wanda ya ɗure tumatir a leda ya ƙulle baki, ya ce a kai masa Ikko? Ai a kwando ake zubawa, ko a akwatin roba mai huji, don ya sha iska. To nama ya fi tumatir son iska. Dabba idan ta faɗi, jikinta da ɗumi yake, kusan awo 39. Ka rufe ɗumin nan a leda, ka sa a jakar da ba ta numfashi, ka goya a bayanka cikin rana, ai tukunya ka ɗora, wuta ce kawai babu. Masana abinci sun tabbatar ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin awo 5 zuwa 60 na zafi, wasunsu ma cikin minti 20 suke ninka yawansu. Jakar taka ba ta da laifi a wurin da aka yi ta domin shi. An ɗinka ta ne don ƙasar ruwa da ƙanƙara, don ta hana jiƙa. Mu kuwa abin da muke nema a nan, wadda za ta bar laima ta fita.

Ka lura da wani abu da ya bambanta ka da mahaifinka. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, mutumin Kura ko Bunkure idan ya gama kaka ba shi da wani aikin gona sai damina. Da hunturu ake farauta, iska a bushe, dare da sanyi, daji kuma ba nisa. A irin wannan lokaci ko a reshe ka rataye nama ya kan ƙame. Da ruwa ya biyo kanal ta Ruwan Kanya ya ratso Kadawa da Kura, sai fili ya zama gona, hunturu ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa. Sararin da ya rage maka shi ne tsakanin yankan alkama da faɗuwar ruwa, wato Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai awo 40 a ƙasar Kano. Tafiya ta ƙara nisa, rana ta ƙara zafi. Abin da ya ishi tsoho a zamaninsa ba lalle ya ishe ka ba.

Saboda haka burgami kada ka yar da shi, amma ka san aikinsa. Fata tana shan jini, in ta sha kuwa ba ta wankuwa, sai ta riƙa sa wa sabon nama warin tsoho. Burgami na wuƙa ne da gishiri da ƙuli-ƙuli da naman da ya bushe ƙayau. Kuma maratayinsa ɗaya ne, nauyi duk a kafaɗa guda.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka raba aikin biyu: abin da nama zai shiga daban, abin da zai ɗauki nauyi daban. Na farko ba ya cin kuɗi. Ka sayi yadin akoko, tela ya ɗinka maka ƙananan buhuna uku ko huɗu masu zariya a baki. Akoko yana hana ƙuda ya sauka ya yi tsutsa, yana tsotse laima, iska kuma tana ratsa shi. Ka dawo gida ka tafasa shi da sabulu, ka shanya a rana, shi ke nan. Maharban Amurka da ke bin manyan barewa cikin duwatsu, da duk kayan zamaninsu, su ma a irin wannan buhun yadi suke sa nama. Idan akoko bai samu ba, buhun algarara mai tsabta ya fi leda sau goma.

Abin da nake roƙonka da girman Allah, kada hannunka ya kai ga buhun taki, ko buhun irin shuka da aka gauraya da magani, ko wanda ya taɓa zama kusa da maganin feshi. Na san a yankinku su suka fi komai yawa, ko'ina ka juya ga su nan kyauta. Ɗanyen nama yana jan abin da ya taɓa. Haka kuma masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan naman banda don korar ƙwaro, su ji tsoron Allah. Guba ce, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwanni barkatai.

Sai na biyu, abin ɗaukar nauyi. In ka shiga gwanjo a Ƙofar Wambai, kada yawan aljihu ya ruɗe ka. Juya jakar ka dubi bayanta. Abu na farko, tana da ɗamara mai faɗi da kauri wadda ake ɗaurewa a ƙugu? Ita ce ke sauke yawancin nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso, inda ƙarfin mutum yake. Uwa mai goyo ta riga Bature sanin wannan, ka dubi inda take ɗaure majanyi. Na biyu, akwai ƙarfe ko firam a bayan da zai hana kaya lanƙwasa, ya kuma bar 'yar tazara tsakanin bayanka da kayan? Akwai tsohon yayi mai firam ɗin alminiyam a waje, irin wanda wani Ba'amurke Dick Kelty ya soma ƙerawa a 1952. Samari ba sa son sa, wai ya tsufa. Kai shi za ka nema, don kana iya cire jakar gaba ɗaya ka ɗaure buhun namanka a jikin firam ɗin, iska na kaɗa shi ta kowane gefe. In bai samu ba, mai walda zai haɗa maka da siririn bututu, baduku ya sa masa maratayi biyu da ɗamara. Har da gora ana yi.

Sannan ka ja ɗinkin maratayin da ƙarfi a gaban mai kaya, nan ne yake fara tsinkewa. Zif kuwa ƙura da jini na kashe shi, mai igiya a baki ta fi daɗewa. Kuma kada ka biya sai ka sa nauyi a ciki ka goya ka zaga. Jaka ba kaya kowa ta yi masa daidai.

Wajen loda kaya, mai nauyi ya zauna kusa da gadon baya, tsakanin kafaɗu da ƙugu, kada ya yi lilo a ƙasa. Ga doguwar tafiya kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinka, wato mai kilo 60 ya tsaya a kilo 15. Ka tuna kowace lita ta ruwan sha kilo guda ce.

Nan ne banda take shigowa, kuma a ganina ita ce rabin maganar. Kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyen nama ruwa ne. Wanda ya goyi ɗanye kwana uku, ruwa ya yi wa dako, ruwan nan kuma shi ne ke ruɓar da shi. Da an yanka, a farke ciki nan take a fitar da kayan ciki ba tare da an fasa hanji ba, a rataye a inuwa ya huce. Hanta da ƙoda a gasa a ci a daren, ba sa jira. Sauran a cire manyan ƙasusuwa, a yanyanka sirara, a shafa gishiri, a kafa gado na itace kamar kamu biyu daga ƙasa, a hura wuta kaɗan-kaɗan da marke ko ƙirya har gari ya waye. Ban da tumfafiya, ban da tinya, ban da taya ko leda. Kwana ɗaya bai isa ga cinyar gada ba, duk inda aka yada zango a fito da shi a sake ƙyafewa. Kuma sai ya huce sarai kafin ya koma buhu, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna. Dabbar da ka tarar a mace, ko wadda ka ga tana layi ba ta gudu, wannan ba ta shiga jaka ko kusa. Addini ya hana mushe, likita ma ya hana.

Saura launi. Wasu na sha'awar mai zanen kakin soja. A guje ta. Sojoji sun sha gargaɗin farar hula kan amfani da kayan da suka yi kama da nasu, kuma mai bindiga da karnuka a kan hanya ba ya bukatar ƙarin abin zargi. Ba sai na tuna wa mutanen Bunkure abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ranar 27 ga Maris, 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar dawowa gida yin Sallah, cikinsu har da 'yan Torankawa. Ba su yi laifin komai ba, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Abin da ke hannunmu shi ne mu kiyaye. Aljihu ɗaya na sama ka ware shi don katin ɗan ƙasa da katin ƙungiyar mafarauta da takardar izinin bindiga. To nan leda ta yi rana, a ciki za ka naɗe su. Ka kuma sani Falgore gandun daji ne na gwamnati, ba a farauta cikinsa, komai kyan jakarka ma'aikatan daji za su karɓe ta da abin da ke ciki.

A ƙarshen wasiƙar ka tambaya yadda za ka yi da jakar da ka riga ka saya. Wanke ta da ruwan zafi da sabulu a gida, ba a magudanar gona ba, ka juya cikinta ka shanya kwana biyu. Ta ɗauki bargo da tocila da garin kwaki, ko ka ba yaro ya zuba littattafan makaranta.

Masu sauraro a Gundutse da Ɗan Hassan da suka aiko da tambaya kan tsutsar tumatir, ku yi haƙuri, taku tana nan tafe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.